Dakta Mashkura da Ƙasusuwan Iyayenmu

Jawabin da Hajiya Fanna Mammadu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta gabatar a Dutse, a taron tunawa da marigayiya Dakta Mashkura Bubayero

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara maka lafiya. Hakimai da dagatai da kuka taso daga Miga da Buji da sauran garuruwanmu, ranku ya daɗe. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Ardo-ardo da sarakunan ruwa, sannunku da hanya. Shugabanninmu na aikin lafiya, likitoci da 'yan uwana ma'aikatan jinya, barkanmu da haƙuri. Malam Zuhair, maigidan marigayiya, da 'ya'yanta Huzaifa da Karima, Allah ya ba ku dangana. Iyayena mata da kuka cika bayan zauren nan har kuka tsaya a baranda, na gan ku. Sai ke, Dada, mahaifiyar marigayiya. Na bar ki a ƙarshe ne ba don raini ba, sai don maganata a kanki za ta ƙare. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni dai sunana Fanna, 'yar masunta ce daga Haɗeja, aiki ya kawo ni Dutse, na zauna a unguwar Limawa har na yi furfura. Na yi aiki a ƙarƙashin Dakta Mashkura tun tana sabuwar likita har na yi ritaya. Da aka ce ni zan yi magana yau na yi mamaki, ga manyan likitoci da suka fi ni iya tsara zance. Amma na gane dalili daga baya, kuma zan faɗe shi tun yanzu don kada ku ce na yi muku kwana-kwana.

Dada da kuka ga an shigo da ita a kan kujera, tun ranar da aka kai 'yarta makwanci ba ta ci abin kirki ba. Kurɓin kunu ne sai ruwa. Ƙashinta kuwa na san shi, na ga hotonsa da idona, na san faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Don haka yau ban zo yabo kawai ba, na zo roƙo ne. In kun ji na faɗa mata abin da babu wanda zai iya faɗa mata a zauren nan, kada ku ga rashin kunyata. Ni Babarbariya ce, ita Bafulatana, wasan da ke tsakaninmu mun gaje shi tun kaka da kakanni, ko Sarki ba ya raba mu.

Jama'a, wace ce Mashkura?

Ta kasance 'yar ruga da ta tashi tana bin maraƙa a dajin Buji, har Allah ya kai ta inda ya kai ta, ba ta taɓa mantawa da warin garke ba. Ta kasance likitar da in ta shigo ɗakin marasa lafiya, sai ta durƙusa ta gaida tsohuwa kafin ta taɓa ta. Ta kasance mace mai yawan mamaki. Wannan shi ne abin da na fi tunawa da ita. Mu aiki ya sa mun saba da komai, ciwo da jini da mutuwa, amma ita har ta koma ga Allah ba ta saba da ikon Allah ba. Kullum sabo yake a idonta.

Bari in ba ku labarin ranar da na fara ganin haka.

An kawo mana wata tsohuwa daga Miga, Iya Indo, a kwance a bayan mota. Ba hatsari ta yi ba, ba ta faɗo daga ko'ina ba. Ta idar da sallar la'asar, ta yunƙura za ta tashi, ƙafarta ta zame a kan tabarma, ta zauna da ƙarfi. Shi ke nan, ƙashin ƙugu ya karye. An kai ta wajen mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi ya ƙi kamawa. Da aka ɗauki hoton ƙashin, Dakta ta ɗaga shi a hasken taga ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Anti Fanna, zo ki ga wani abu."

Na zo. Ta nuna mini ƙashin, ya yi fayau, cikinsa duk ƙofofi kamar soson wanka. Ta ce, "Mu muna ɗauka ƙashi itace ne, an kafa shi an gama. Wallahi da rai yake. Ƙashin da ke jikinki yau ba shi ne wanda kika tafi gidan miji da shi ba. Allah ya sa ma'aikata iri biyu a cikinsa, waɗanda ido ba ya gani. Wasu suna kankare tsohon, wasu suna bin bayansu suna zuba sabo. Kina barci suna yi, kina daka suna yi, tun kina ciki har ki shiga kabari, kuma ba ki taɓa jin motsinsu ba."

Na ce, "To Dakta, ita wannan ina masu zuba sabon suka tafi?"

Ta ce, "Suna nan, an fi ƙarfinsu ne. Idan mace ta manyanta, haihuwa ta tsaya, masu kankarewa sai su fi masu gini sauri. In kuma kayan ginin ba sa isowa, kin ga abin da ake samu."

Na yi shekaru ina ɗaure karaya, ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa ina tafe ana gina ni ba. Iya Indo ba ta ƙara takawa da ƙafarta ba. Kwanciya ta kawo gyambo, gyambo ya kawo zazzaɓi, kafin lokacin girbi ta rasu. Mutanen gidansu suka ce tsufa ne. Dakta ta ce, "Ajali gaskiya ne, amma wannan ciwon yana da suna. Zaizayar ƙashi ce, kuma ta daɗe tana cinta ba wanda ya sani."

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne wannan: Iya Indo matar masunci ce, uwar masunta. Ta ƙare rayuwarta a bakin murhun banda, hayaƙin kifi ya cinye mata ido. Dakta ta tambayi surukarta, "Tana cin kifi kuwa?" Matar ta yi dariya ta ce, "Iya? Romo dai. Tsoka ta maza ce da yara."

Daga nan Dakta ta shiga garuruwa da tambaya ɗaya a bakinta: wa ke cin maiƙon gidan nan? Amsar da ta samu ta ba mu kunya gaba ɗaya. Matar da ke matse man gyaɗa, man kasuwa yake tafiya, ita ta tauna ƙuli. Matar da ke kaɗa nono a ruga, man shanu da kindirmo na masu saye ne, ita ta sha tsala. Manomin riɗi ya auna shi duka ya loda a mota, ko tafin hannu ba a bar wa tsohuwa ba. Abin da ke shiga tukunyarta kuwa shi ne ragowar man suya, wanda aka soya ƙosai da shi aka sake, aka sake, har ya yi baƙi. Hannun da ke fitar da mai a ƙasar nan shi ne hannun da ya fi kowane bushewa.

Ta kasance mai iya bayani. Na ga ta zauna a gindin tsamiya da mata sun kewaye ta, ta nuna katangar ƙasa ta ce, "Kun ga waccan? Damina ta zaizaye ta, rani ya zo a yi mata yaɓe. In aka yi shekaru ba yaɓe fa?" Suka ce, "Sai ta zube." Ta ce, "To haka ƙashi yake. Ƙasar yaɓen ita ce sinadarin da ke cikin nono da ƙananan kifi da ake taunewa har ƙaya, da riɗi da ganyen zogale. Amma maiƙo ma yana da nasa aikin, kuma maiƙo ba ɗaya ba ne."

Ta ce akwai maiƙon da ke jikin kifi, wanda likitoci ke kira omega uku, shi yana kwantar da wani ɓoyayyen kumburi da ke zuga masu kankare ƙashi. Akwai na riɗi da gyaɗa, masu kyau in an ci daidai. Akwai kitse, wanda kaɗan ɗinsa ba laifi, yawansa kuwa nauyi ne. Sai baƙin man suya, wanda ta ce da a zuba shi a ciki gara a shafa wa ƙafar amalanke. Ta kuma ce akwai sinadaran gina ƙashi da ba sa shiga jiki sosai sai da ɗan maiƙo a cikin abinci, shi ya sa tuwo da miya fara kullum ba ya riƙe tsohuwa.

Wani Ardo, yana nan a zaune ina ganinsa yana sunkuyar da kai, ya ce mata, "Likita, yanzu ke 'yar Bubayero, kifi za ki sa iyayenmu su ci? Mu da Allah ya ba mu saniya?" Ta ce, "Baffa, saniyar ma ai ba ku bar musu ba. Ku bar musu kindirmonsu da mansa, ni kuma in rage maganar kifi." Ardo ya yi dariya ya ce an kama shi.

Ta kasance mai tsoron faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Sau da yawa mata kan ce mata, "Dakta, wato in mun ci kifi ba za mu karye ba?" Sai ta ce, "Ban ce ba. Masu bincike ba su gama magana a kan wannan ba, abin da suka gani dai yana nuna alheri. Mai shi kaɗai ba ya gina ƙashi. Sai da nono, sai da hasken rana, sai da tafiya da ƙafa, wadda kuma aka rubuta wa magani ta sha maganinta." Ni har haushinta nake ji. Nakan ce, "Dakta, ki ce musu eh mana su tafi su ci!" Ta ce, "Anti Fanna, in na yi musu ƙarya don su ci kifi, ranar da ɗaya ta karye duk za su daina."

Yanzu ga kuskuren da muka yi, mu duka, da ita da ni da sarakunan ruwa da ke zaune a nan. Dakta ta roƙi masuntan Miga, suka amince da zuciya ɗaya cewa duk wanda ya fito daga ruwa zai ware kason mahaifiyarsa kafin 'yan sari su taɓa. Kuma sun cika alkawari, Allah ya saka musu. Muka koma Dutse muna murna, mun ce an gama. Bayan damina muka dawo duba tsofaffinmu. Muna shiga gari muka ga yara sun yi ɓul-ɓul, kumatu na sheƙi. Tsofaffi kuwa suna nan yadda muka bar su.

Muka shiga gidan wata Iya Hamida daidai an kawo mata kwanonta, da karfasa guda a kan tuwo. Muna gaisawa ina kallon hannunta. Ta ɓare tsokar nan a hankali, ta ƙulle a bakin zane, ta ci tuwonta da romo ta ce alhamdu lillahi. Dakta ta ce, "Iya, wannan na bakin zanen fa?" Ta ce, "Na jikoki ne, 'yar nan. Ni haƙorana sun gama aikinsu, nasu ne ke farawa. Ina zan iya haɗiye kifi yaro na kallona?"

Mun manta da iyayenmu, jama'a. Mun manta cewa tsohuwar ƙasar nan ba ta san wani abu wai shi kasonta ba. Duk abin da ka sa mata a hannu, ajiya ka ba ta.

Ni na fara faɗa. Dakta kuwa dariya ta yi har da hawaye, sannan ta cire takalmi ta zauna a tabarma ta ce, "Iya, yunwa nake ji, a ba ni abinci." Gida ya rikice, likita za ta ci tuwo a gidansu. Aka kawo wani kwano da tarwaɗa mai maiƙo. Dakta ta wanke hannu, ta tura kwanon tsakaninsu, ta naɗe hannuwanta.

Iya Hamida ta ce, "Bisimilla mana, likita."

Ta ce, "A gidanmu an hana ni riga babba sa hannu."

"Ai ni na ƙoshi."

"To ni ma na ƙoshi, a mayar."

Kun san babu abin kunya a wajen tsohuwa kamar baƙo ya nemi abinci a gidanta ya tashi bai ci ba. Iya Hamida ta dubi kwano, ta dubi Dakta, ta ce, "Ke dai an yi ja'irar yarinya." Ta gutsiri kifi ta kai baki. Dakta ta gutsiri daidai wanda ta gutsira, ba ƙari. Haka suka yi, loma bayan loma, har kwano ya koma fari. A mota ta ce mini, "Anti Fanna, kin ga maganin. Kunyar da ta hana su ci, ita za ta sa su ci."

Wannan shi ne asalin abin da kuke kira zaman kwano. Mace ta ɗauki abincinta ta je ta zauna da tsohuwar maƙwabta a matsayin baƙuwa, ba za ta ci ba sai an ci tare. Ba a tura 'ya wajen uwarta, domin uwa za ta kore ta da tsawa ɗaya. Ke ki je wa uwata, ni in je wa taki. Daga Miga ya shiga Buji, ya zo har Limawa, har garuruwan da Dakta ba ta taɓa takawa ba. Iyayena da ke bayan zauren nan, da yawanku da ƙafarku kuka hau matakalar nan yau. Ba zan ce kifi ne ya hawo da ku ba, don marigayiya za ta hana ni. Allah ne. Amma na san wadda Allah ya aiko ta zauna da ku.

To amma akwai tsohuwa ɗaya a ƙasar nan da Dakta Mashkura ba ta isa ta zauna da ita ba.

Mashkura 'yar fari ce. Ku da kuka san al'ada kun san abin da wannan ke nufi, musamman a ruga. Dada ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba, ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba, balle kwano ɗaya. In za ta yi maganarta sai ta ce "waccan ta Dutse", ko ta ce mini "likitarku". Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. Kunya ce da fulako, kuma Mashkura ba ta taɓa neman a karya mata su ba.

Wata rana Dada ta ɗaga ƙwaryar nono, ƙwarya ta goce, ta tare da hannu, wuyan hannun ya karye. Aka kawo ta Dutse, wani likita ya duba ta, don ba za ta yarda 'yarta ta taɓa ta ba. Da hoton ya fito, Dakta ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ɗaga shi a taga. A wannan karon ba ta ce in zo in ga ikon Allah ba. Kuka ta yi, ta ce, "Anti Fanna, na ciyar da iyayen mutane, tawa tana zaizayewa. Na aika mata da komai, rabarwa take yi. In na je na zauna, tashi za ta yi ta bar mini ɗakin."

Na ce, "To ni me zan yi?"

Ta ce, "Ke Babarbariya ce. Ke kaɗai za ki iya yi mata rashin kunya ta yi dariya. Ni zan riƙa dafawa, ke ki kai. Amma kada ki ce daga wajena yake."

Da aka sallami Dada aka kai ta gidan ɗanta a nan Dutse, na ɗauki kwano na yi sallama. Na ce, "Ina Bafulatanar nan da ta bi saniya shekara da shekaru tana kwana da yunwa, ga nama na tafiya a gabanta?" Ta ce, "Wace ce wannan mai ƙarnin kogi? Ku da kuke cin abin da ba a yanka ba!" Na buɗe kwano, miyar riɗi ce da kifi. Ta toshe hanci ta ce ko a mafarki. Na ce, "To ni baƙuwarki ce, kuma ba na ci sai kin ci. In na faɗi a ɗakinki, gobe duk Haɗeja za a ji cewa Fulani sun kashe baƙuwa da yunwa." Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da Barebari." Ta sa hannu.

Haka muka yi shekaru. Ranar kasuwa da ranar Juma'a ina can. Wata rana kifi, wata rana kindirmo da mansa, wata rana ɗanwake da man gyaɗa sabon matsa. Mu ci, mu zagi juna, in fito da ita rana mu zaga gida. In na dawo, kafin in ajiye mayafi waya ta shigo: "Ta ci?" In ce ta ci. "Da yawa?" In ce ta fi ni. Sai in ji likita guda, shugabar mutane, tana dariya kamar yarinyar da aka saya wa awarwaro. Tun daga wancan hannun, Dada ba ta ƙara karyewa ba.

Bayan rasuwa na bari aka share makoki, na dafa da hannuna na kai. Na yi sallama da tsokanar da na saba. Dada ba ta rama ba. Na buɗe kwano na naɗe hannu. Ta dube shi ta ce, "Rufe, Fanna. Wannan ba girkinta ba ne."

Na mayar da murfin.

Ta ce, "Kina tsammani ban sani ba? Tun kwanon farko na sani. Ni na koya mata sa kanwa a miya, hannunta ba zai ɓace mini ba. Ba don ke nake ci ba, ba don ƙashi ba. Abin da ya fito daga hannunta ne, kuma ta nan kaɗai zan iya karɓa ba kunya. Yanzu mai aikowa ta tafi. Wa zan ci wa?"

Jama'a, na yi aikin asibiti har na tsufa, na ga abubuwan mamaki a cikin jikin ɗan Adam. Ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni kamar wannan ba. Uwa da 'ya, gari ɗaya, ba su taɓa haɗa kwano ba, ba su taɓa faɗa wa juna kalma mai taushi ba, amma shekara da shekaru ɗaya na dafawa a ɓoye, ɗaya na ci a ɓoye, kowacce tana rufa wa 'yar uwarta asiri. Ni da nake tsakiya ina ganin ni ce mai wayo, ashe ɗan aike ce kawai. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci ƙashi, ya kuma halicci zuciyar uwa.

Malam Zuhair, kai ka san ranakun da matarka ke dawowa daga aiki a gajiye ta shiga madafa da kanta, ta hana kowa taɓa wannan tukunyar. Ba ka taɓa yi mata ƙorafi ba. Allah ya saka maka, ya sanyaya zuciyarka. Huzaifa, ka riƙe gidan nan da mutunci irin na mahaifiyarka, kada ka bari ƙofar kakarka ta yi shiru. Karima, ke kika tsaya kusa da ita a madafa tun kina ƙarama, hannunta yana hannunki. Tsakanin jika da kaka babu kunya, sai wasa. Daga yau tukunyar nan taki ce, ni dai ɗan aike ce kamar da. Iyayena mata na zaman kwano, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Marigayiya ta zauna da iyayenku, ga tata nan ta bari.

Dada, yanzu ni da ke ne.

Na san na yi miki laifi da na faɗi wannan a gaban maza da manyan gari. Ki zage ni in mun koma gida, na ma ƙosa in ji zaginki. Amma kin yi mini tambaya a ɗaki ban amsa ba, yau zan amsa. Ma'aikatan nan da ke cikin ƙashinki ba su san an yi mutuwa ba. Masu kankarewa ba su zauna makoki ba, suna nan suna aikinsu yanzu haka da nake magana, masu gini kuma sun miƙa hannu ba a ba su komai ba. Na ga yadda Iya Indo ta ƙare, ba zan iya ganin haka a kanki ba.

Ranar da ciwo ya tsananta wa 'yarki a asibiti, kin zo. Ba ki shiga ba, kin zauna a bakin ƙofa kin juya baya kina jan carbi. Ni ina ciki. Numfashi yana yi mata wuya, ta yafuto ni da hannu. Na sunkuya ina zaton wasiyya za ta yi a kan 'ya'yanta ko a kan aikinta. Ta dubi ƙofa ta ce, "Anti Fanna, ta ci?" Na ce ta ci. Ta lumshe ido. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta yi da ni, bayanta sai kalmar shahada.

A wannan ranar, gaskiya na faɗa mata, Dada. Ni ma tsohuwa ce, ban san ranar da zan bi ta ba, kuma na san halinta, abin da za ta fara tambayata ke nan. Kin ce wa za ki ci wa. Ita za ki ci wa, kamar yadda kika saba.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, da shugabanninmu da suka bar ayyukansu suka zo, da duk wanda ya taso daga nesa ko kusa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wanda na ɓata wa a cikin maganata ya yafe mini.

Ya Allah, Kai ne mai rayar da ƙasusuwa bayan sun rududduge. Baiwarka Mashkura ta ƙare rayuwarta tana mamakin aikinka a cikinsu. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa duk lomar da wata tsohuwa ta ci ta dalilinta ta zama nauyi a mizaninta. Ka jiƙan mahaifinta Ardo Bubayero da dukkan magabatanmu. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri, ka albarkaci bayanta. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ya Allah, ƙasusuwan Mashkura sun koma hannunka, ba mu da sauran abin da za mu yi musu sai addu'a. Na mahaifiyarta kuwa ka bar mana su amana. Ka sassauta wa Dada zuciyarta, ka sa ta karɓa daga hannun jikarta. Kada ka sa in je wa baiwarka da amsar da ba za ta so ji ba.

Amin, ya Rabbal alamina. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.